Sumbul ko Nardi: Tarihin Saiwar Ƙamshi daga Himalaya zuwa Kano da Zangon Nima

Sumbul, wanda Kiristoci masu karatu da Hausa suka fi sani da nardi, saiwar wani ɗan tsiro ce mai ƙamshi da ake tonowa a duwatsun Himalaya, a ƙasashen Nefal, Indiya, Butan da yammacin Sin. Masana tsirrai suna kiransa Nardostachys jatamansi. Ba ya yi sai a tudu mai tsananin sanyi, daga mita 3,000 zuwa 5,000 sama da teku, kuma da wuya tsayinsa ya wuce gwiwar mutum. Amfaninsa duka a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwar baƙa-baƙa ce, zaruruwa sun lulluɓe ta kamar cukurkuɗaɗɗen gashi. Abin da Indiyawa suka duba ke nan suka ce mata jatamansi. Larabawa kuwa zangarniya suka gani a siffarta, suka ce sunbul, kalmar da duk almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya riga ya ci karo da ita. Ƙamshinta mai nauyi ne, yana kama da na ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Wanda ya san kajiji ya kusa gane shi.

Tun kafin zuwan Musulunci sumbul ya yi suna a fatauci. Wani littafin jagoran matuƙa da aka rubuta da Girkanci a ƙarni na 1 ya lissafa shi cikin kayan da ake lodi a tashar Barigaza, wato Bharuch ta Indiya a yau, zuwa Masar da Rum. Marubucin nan Pliny ya ce ana sayar da awo ɗaya na Rumawa, wanda bai kai rabin kilo ba, a kan dinari 100. Linjilar Yohanna, sura ta 12, ta kawo labarin Maryamu ta Baitanya da ta shafe ƙafafun Almasihu da man nardi, har aka ƙiyasta kuɗinsa dinari 300. A lokacin dinari ɗaya ne ladan lebura na yini guda. Ke nan guzurin kusan shekara ta tsiyaye a zama ɗaya, shi ya sa maganar ta tayar da ƙura a wurin.

Likitocin Musulunci sun gaji wannan sani, suka ƙara masa. Ibn Sina ya sa sumbul a cikin littafinsa Al-Ƙanun, haka ma Ibn al-Baiɗar na Andalus, wanda ya rasu a 1248. Sun raba shi gida biyu manya: sunbul hindi na Indiya, da sunbul rumi, wani ɗan'uwansa da ke fitowa a duwatsun Turai. Wannan rabo yana da muhimmanci ga tarihinsa a ƙasar Hausa.

A 1851 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da aka fi sani da Abdulkarim, ya zauna a Kano ya rubuta kayan da ayarin Sahara ke kawowa kasuwar birnin. A cikin kayan ƙamshi ya ambaci jawul da kanumfari da wani abu da ya ji ana ce wa simbil, ya ƙiyasta kuɗinsu gaba ɗaya wajen wuri miliyan 15 a shekara, ban da man wardi. Barth ya bayyana simbil ɗin da Valeriana celtica, wato na rumi ne. Asalinsa duwatsun Alps na Ostiriya, inda tun 1460 sarki ya ba garin Judenburg ikon cinikinsa shi kaɗai. Daga can ake kai shi bakin teku, ya ƙetare Bahar Rum, ya hau raƙumi. Manomin Ostiriya yana tono cikin sanyi, uwargida a Kano tana zubawa a kasko, ba wanda ya san da wani. Tonon ya yi yawa har hukuma ta sa tsiron cikin kariya a 1936.

Hanyar da ta kai al'adar turare zangon Ghana ita ce hanyar goro. Fatake daga Kano da Katsina suna kai kanwa da tufafi da fata Salaga ta ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Da Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai 'yan kasuwa da malamai suka gangara kudu, Kumasi da Accra. Unguwar Nima ta Accra ta kafu a farkon shekarun 1930, bayan da Malam Amadu Futa, wani dillalin shanu, ya sami fili a wurin, Maamobi ta bunƙasa a gefenta. Har gobe kasuwar Nima, wadda ta fi cika ranar Laraba, ita ce wurin da mutanen Accra ke zuwa neman kayan yaji da na ƙamshi.

A zango turare ba ado ba ne kawai. Shafa shi ranar Juma'a sunna ce, kuma duk wanda ya taɓa shiga sahu a babban masallacin ƙasa da ke Kanda a Accra, wanda aka buɗe a 2021, hancinsa ya ba shi labari. Akwai turaren wuta a ɗakin amarya da na maijego, akwai humra, akwai almiski da sandal da alhazai ke tsarabarsu daga Makka, ga kuma ƙaramar kwalbar Bint el Sudan da aka fara haɗawa a Landan a 1920, daga baya aka koma yi a Kano. Mutanen zango sun daɗe da sanin cewa ƙamshi yana sanyaya zuciya, tun kafin a raɗa wa jinya da ƙamshi sunan boko.

Sunan bokon ya fito ne daga Faransa. Wani masanin haɗa turare, René-Maurice Gattefossé, ya buga littafi a 1937 kan jinya da ƙamshi, likitan soja Jean Valnet ya ɗora a 1964. Bambancinsu da mai turaren wuta shi ne su da tataccen mai suke aiki. Ana daka busasshiyar saiwa, a bi ta da tururi, a tare tururin ya huce, man ya rabu da ruwa. Kilo 100 na saiwar sumbul ba ya ba da fiye da kilo 1 zuwa 2 na mai. Masu wannan sana'a suna ɗiga shi a ruwan zafi a shaƙa, ko su cuɗa ɗigo kaɗan da man kwakwa ko man kaɗanya a yi tausa, don neman barci da kwanciyar hankali. Gwajin da aka yi kan ɓeraye ya nuna yana lafar da jiki, amma bincike a kan mutane bai taka kara ya karya ba. Tallan da ke cewa yana warkar da hawan jini ko farfaɗiya ya wuce gona da iri. Ba a shan sa, ba a shafa shi tsantsa, kuma mai juna biyu gara ta bar shi.

Farin jinin man ya jawo wa tsiron abin da ya sami ɗan'uwansa na Ostiriya. Tono saiwa kashe tsiro ne, kuma sai ya yi shekaru kafin ya maye gurbi. Talakawan gundumomin Jumla, Humla da Dolpa a Nefal da shi suke rufa wa kansu asiri, ba za a ce su daina rana ɗaya ba. Tun 1997 yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikinsa tsakanin ƙasashe, Nefal ta hana fitar da ɗanyar saiwa sai an sarrafa ta, kuma a 2015 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin tsirran da ke dab da ƙarewa.

Saboda haka man sumbul na gaske ba ya araha, yau kamar zamanin Pliny. Mai saye a Nima ko ta intanet ya duba jikin kwalba ya ga sunan Nardostachys jatamansi, da ƙasar da aka tace shi, da rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana. In babu su, kuma farashin bai wuce na kwalbar almiski ba, to haɗin kamfani ne.