Tarihin Tabon Lamba

Mai karatu, in ka dubi damtsen iyayenmu da suka haura shekara hamsin, sau da yawa za ka ga wani tabo zagayayye. Tabon lambar agana ke nan. Wanda ke hannun yaran yanzu dabam ne, na rigakafin tarin fuka ne.

A dā agana takan kashe kamar mutum 3 cikin 10 da ta kama, waɗansu kuma ta bar su da makanta ko zanzana. Amma kakanninmu sun lura da abu ɗaya: wanda ya tashi daga agana ba ta sāke kama shi. Saboda haka a wurare da yawa na Afirka akan tsaga fatar mai lafiya, a shafa masa ɗan ruwan ƙurjin majiyyaci, ya yi ciwo kaɗan, ya warke. Wani bawa ɗan Afirka, mai suna Onesimus, shi ya bayyana wa fasto Cotton Mather wannan dabara a birnin Boston na Amurka. Da annoba ta faɗa wa birnin a 1721, likita Boylston ya gwada ta a kan mutum fiye da 240, shida kaɗai suka mutu. Cikin sauran da cutar ta kama da kanta kuwa, kusan ɗaya cikin bakwai ya rasu. A ganina bawan nan bai sami yabon da ya cancanta ba.

Dabarar tana da hatsari, gama agana ce ta ainihi ake sa wa mutum. A 1796 Edward Jenner na Ingila ya ɗauki ruwan ƙurjin wata cutar shanu mai sauƙi, ya sa wa yaro ɗan shekara 8. Daga baya ya gwada shi da agana, ba ta kama shi ba. Jenner kansa bai san dalili ba.

Sai bayan Pasteur da Koch aka fahimci ƙwayoyin cuta. Akwai bakteriya, irin ta tarin fuka da kuturta, wadda take rayuwa da kanta, magani kuma yana iya kashe ta. Akwai bairas, irin ta agana da ƙyanda, wadda ta fi ƙanƙanta nesa. Ita sai ta shiga ƙwayar jikin mutum ta tilasta mata haifar irinta, fenisilin kuwa ba ya taɓa ta. Masu yaƙinta su ne fararen ƙwayoyin jini. Sukan ƙera makami daidai da kamannin baƙuwar, waɗansunsu kuma su zauna shekaru suna riƙe da kamannin nan. Cutar shanu ta yi kama da agana ƙwarai, shi ya sa jikin yaron ya gane ta.

A ƙarshen 1966 agana ta ɓulla a yankin Ogoja na Nijeriya, lamba kuwa ba ta isa kowa ba. William Foege, likitan mishan, ya nemi 'yan mishan su sanar da shi ta rediyo ƙauyukan da cutar take, aka yi wa na kewaye da majiyyata lamba, annobar ta tsaya. Da wannan hanya aka bi ta ƙasa ƙasa. Na ƙarshe da ta kama ta hanyar yaɗuwa shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Marka ta Somaliya, a 1977. Ya warke. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa agana ta ƙare.