Bayani: Yadda ƙananan tashoshin wutar sola ke amfanar mutanen karkara

A unguwar Bolewa da ke tsakiyar garin Potiskum a Jihar Yobe, akwai turakun wuta da wayoyi, sai dai wutar takan zo ne ta ɗauke ba tare da sanarwa ba. Idan aka nausa zuwa ƙauyuka da rugagen da ke ƙananan hukumomin Fika, Nangere da Fune, akwai wuraren da layin bai taɓa isa ba. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba sa samun wuta daga babban layin ƙasa, kuma akasarinsu mazauna karkara ne.

Dalilin rashin isar layin

Jihar Yobe tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Yola, YEDC, tare da Adamawa, Borno da Taraba. Jan waya mai nisan kilomita da dama zuwa ƙauye mai gidaje ƙalilan yana cin kuɗin da kamfani ba zai iya mayarwa ba. Dogon layi kuma yana da rauni: a watan Janairun 2021 mahara sun lalata turakun da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri, lamarin da ya jefa Maiduguri cikin duhu na tsawon watanni. Wutar da aka samar a cikin ƙauye ba ta dogara da abin da ya faru a wani wuri mai nisa ba.

Nau'o'in tsarin

Na farko shi ne na gida ɗaya: farantin sola, batir, ƙwayayen fitila da wurin cajin waya, wanda wasu kamfanoni ke sayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Na biyu shi ne na aiki guda, kamar famfon rijiyar burtsatse ko firjin asibiti. Na uku shi ne ƙaramar tasha mai layinta, wadda ke raba wuta ga gidaje da shaguna ta hanyar mitar da ake saka wa kuɗi kafin a sha. Ƙa'idar da hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta fitar a 2023 ta tanadi cewa irin wannan tasha ba za ta wuce megawat ɗaya ba, kuma wadda ba ta haura kilowat 100 ba rajista kawai za a yi mata.

Amfaninta

A fannin lafiya, allurar rigakafi tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ba haka ba ta lalace. Firjin sola yana ba ƙaramin asibitin ƙauye damar ajiye ta, haske kuma yana sa ungozoma ta karɓi haihuwa cikin dare ba da tocila ba.

A fannin ruwa, famfon sola yana cika tanki da rana ba tare da digon mai ba. Wannan ya zama muhimmi tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da kunna janareta ya gagari mutane da yawa. A yankin da ke da kasuwar shanu ta Potiskum, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ruwan shayar da dabbobi a lokacin rani dukiya ce.

A fannin sana'a kuwa, mai injin niƙan gero da dawa, tela, mai walda, mai sayar da ƙanƙara da mai cajin waya duk suna rage kashe kuɗi a kan mai. Nan ne ginshiƙin al'amarin yake. Fitilu da fanka na gidaje ba sa jan wuta mai yawa, kuma da dare ake kunna su, alhali farantan da rana suke aiki. Masu sana'ar da ke sayen wuta da rana su ne ke kawo kuɗin da zai riƙe tashar, ya kuma sassauta farashi ga sauran jama'a.

Shirye-shiryen gwamnati

Hukumar samar da wuta a karkara, REA, ita ce ke jagorantar aikin. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 350 domin shirin NEP, wanda ƙarƙashinsa aka ƙaddamar da tasha ta farko a ƙauyen Rokota na Jihar Neja a 2019. A watan Disambar 2023 bankin ya amince da ƙarin dala miliyan 750 domin shirin DARES, da nufin isa ga mutum miliyan 17.5. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. A Yobe, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tana cikin jami'o'in da hukumar ta zaɓa domin gina musu tashar sola.

Matsaloli

Faranti mai inganci yakan kai shekara 25, amma batirin dalma ba ya wuce 'yan shekaru, kuma zafin bazara yana gajarta masa kwana. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti matuƙar ba a goge shi. Ga kuma jabun kaya da sata. Fitilun titi na sola da suka mutu a garuruwa da dama shaida ce ta abin da ke faruwa idan aka kafa aiki ba a tanadi mai kula da shi ba.

Saboda haka, kafin al'umma ta rattaba hannu da wani kamfani, ya kamata ta nemi amsar tambayoyi huɗu a rubuce: nawa ne farashin wutar, awa nawa za a samu a rana, wa zai sauya batir idan ya mutu, kuma matasa nawa na garin za a koya wa gyara.