Kayan aikin da mai tsohuwar kat-kat ya kamata ya ajiye a gida

Daga Dakoro zuwa Tanut, daga Abalak zuwa Gure, motar da ke ci gaba da tafiya inda kwalta ta ƙare har yanzu tsohuwar Toyota ce: Land Cruiser ta jerin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, ko kuma Hilux mai shan gazuwal. Da yawa daga cikin waɗannan Land Cruiser suna ɗauke da injin 1HZ mai silinda 6 da ya fito a 1990, wanda ba kwamfuta ce ke sarrafa shi ba. Shi ya sa mai motar zai iya yin rabin hidimarta a ƙofar gidansa. Abin da ke kashe irin wannan mota a ƙasar nan ba tsufa ba ne. Ƙura ce, da gurɓataccen gazuwal, da zafi, kuma kayan da ke maganinsu ba su ne masu tsada ba.

Farkon abin saye shi ne sifana, wadda makanikai suka fi kira kile. Ba sai an kwashi babban akwati ba, domin kusoshin Toyota ƴan lambobi ne suke ta maimaituwa: 8, 10, 12, 14, 17 da 19. A ƙara 21 ko 22 don notin taya, gwargwadon shekarar motar, da 24 don murfin man aksil. Kowace lamba a samu mai baki da mai zobe. Lamba 10 kuwa a sayi biyu, don ita ce ke fara ɓata. Sifana mai araha tana cinye kan noti, kuma notin da kansa ya mulmule yana iya cin yini guda. Tsohuwa mai nauyi daga kasuwar Katako ta fi sabuwa mai ƙyalli da ba a san asalinta ba. Sai filaya, sukundireba mai faɗi da mai kuros, guduma, da bututun ƙarfe da ake zura wa sifana don ƙarin ƙarfi.

Jak, ko kirik, aikinsa ɗaga mota ne, ba riƙe ta ba. Land Cruiser ta haura tan 2, kuma a kan rairayin tsakar gida jak yana nutsewa ko ya goce ba tare da gargaɗi ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe guda biyu, an shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, an kuma sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi. Bulon siminti ba madogara ba ne. Fashewa yake yi farat ɗaya.

Idan akwai abu ɗaya da ya fi sauran biyan kuɗinsa, to famfon giris ne. A jikin sandunan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya, da wasu gaɓoɓin sitiyari, akwai ƴan nonuwan ƙarfe da ake ɗura giris ta cikinsu. Yashi yana shiga waɗannan gaɓoɓi, ruwan kwari a damina yana wanke su, daga nan ƙarfe ya fara cin ƙarfe. A goge bakin nonon kafin a ɗora famfo, in ba haka ba da hannunsa mutum zai tura yashin ciki. A yi wannan a duk canjin mai, da kuma duk ranar da motar ta ratsa ruwa mai zurfi. Mutane da dama sun san lambar man injinsu amma ba su taɓa leƙa waɗannan wurare ba, sai ranar da ƙara ta tashi a hanyar Agadas.

Filta uku ne, kuma kowacce a ajiye ta canji. Ta iska ita ce ke shan wahalar hunturu: a fitar da ita a hure ta daga ciki zuwa waje, ba a buga ta da bango ba, kuma idan takardar ta yage ko kaɗan a jefar. Ta gazuwal tana da matattarar ruwa a gindinta da ɗan famfon hannu a samanta. A riƙa sassauta maƙullin ƙasa ana zubar da ruwan da ya taru, sannan a danna famfon har ya yi tauri. Duk da matatar SORAZ da ke aiki kusa da Damagaram tun 2011, matafiyi ba ya rasa ranar da zai sha man jarka a bakin hanya, saboda haka mazurari mai rariya da tsumma mai tsabta su zauna cikin mota. Jabun filta sun cika kasuwa, kuma kwalinsu bai bambanta da na gaske ba. Rashin nauyi a hannu da arahar da ta wuce hankali su ne alamar farko.

Man inji 15W-40 na gazuwal shi ne aka saba da shi, kuma 1HZ yana shan kusan lita 10. A ƙura irin ta nan, bidanj a kowane kilomita 5,000 ya fi aminci. A tanadi 80W-90 don aksil, man birki DOT 3 a rufe ruf domin yana tsotsar danshi, da roba mai faɗi ta tarar tsohon mai. Wannan baƙin mai kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya.

Maganar zafi kuwa, ruwan rijiya ko na famfo da ake zuba wa radiyata yana barin farin dutse da tsatsa da ke toshe ƴan hanyoyinta a hankali, sai a watan Afrilu ko Mayu a ga sakamakon. Ruwan sanyaya inji na galan ya fi, ko tataccen ruwa irin na batir idan ya kama dole. A ajiye bel na fanka, tiyon radiyata na sama da na ƙasa, da zoben ɗaure su. Ba a buɗe murfin radiyata inji na da zafi.

Sauran ƙananan kaya ba su da yawa: fiyus, ƙwan fitila, waya, salatif, tocila, wayar jan wuta daga wani batir, ma'aunin iska da famfon taya, tun da mai shiga rairayi yana rage iska, yana kuma bukatar mayar da ita idan ya hau tsandauri. Kafin sayen kayan wuta a tabbatar ko motar mai volt 12 ce ko 24, domin akwai tsofaffin Land Cruiser masu batir biyu da ke kan 24. Littafi da biro ma kayan aiki ne: kwanan wata, kilomita, abin da aka canza.

Akwai ayyukan da ba na gida ba. Famfon gazuwal da allurorinsa sai mai na'urar gwaji. Tsohon rim mai zobe, wanda ke iya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum lokacin hura iska, a bar wa mai faci da ya san shi. Haka ma bel ɗin cikin inji mai daidaita bawul, wanda a tsofaffin 1HZ ake canzawa a kilomita 100,000: idan ya tsinke ana tafiya, fistin da bawul ne za su yi karo. Wanda ya sayi mota ta hannu bai san ranar da aka canza shi ba, ya kai ta gareji tun kafin tafiyar farko.