Daga Zariya Zuwa Kasuwar Kano: Gadon Da Sabon Marubuci Ya Tarar

Sana'ar rubuta ƙagaggun labarai da boko ba ta cika shekara ɗari a ƙasar Hausa ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi na John Tafida da East ya biyo bayansu. Waɗannan malamai ba su da wani littafin Hausa irin wannan da za su duba. Abin da suke da shi tatsuniya ce, da littattafan Larabci, da kunnen da ya ƙoshi da zancen mutane. Amma suna da edita a kansu mai cewa a rage nan, a sake can. Imam ya ɗebo labarai daga Gabas da Yamma ya zuba a Magana Jari Ce, ya sa musu rigar Hausa har mai karatu ya ɗauka a garinsu aka yi su. Ba a kai ga haka da rubutun zama ɗaya.

Daga nan harkar ta zauna a hannun hukumomi: Kamfanin Gaskiya, da NORLA, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC daga 1966. Littattafai kaɗan ne suke fita, yawancinsu kuma makaranta suka nufa. Gasar NNPC ta fitar da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Bayan shekara biyu gasar gwamnatin tarayya ta kawo Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda fasa-ƙwauri da ta'addanci suka shigo labarin Hausa.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna, aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Mu da muka shigo sana'ar a wannan zamani mun ga abin da magabatanmu ba su gani ba: matan aure suna aiken yara shagon hayar littattafai, 'yan mata suna karɓa-karɓar littafi har bangonsa ya yage, wasu ma don su karanta labarin soyayya suka koyi boko. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare shi, aka daɗe ana fafatawa a jaridu.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Mun samu masu karatu, amma mun rasa edita. Ɗan kasuwa ya koya mana raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku don ciniki ya yi tsawo, sai muka riƙa cika shafi da lissafin atamfa da sunayen motoci. Duk da haka, duba waɗanda suka rayu har yau. Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wadda miji ya kora da 'ya'yanta ta koma sayar da abinci, ana tuna ta ne domin kowace unguwa tana da irinta. A 2012 har Indiya aka buga littafin da Turanci. Balaraba ta san gidan da take rubutawa a kansa, ta san abin da kishiya ke faɗa da abin da take haɗiyewa.

Yanzu, ƙannena sababbin marubuta, kasuwarku ta koma cikin waya. Kuna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biya suna kuma matsa muku a ci gaba. Matsin nan ya fi na ɗan kasuwar da, domin babin da kuka saki da dare ba ya dawowa gyara. Saboda haka ku san ƙarshen labarinku kafin ku saki farkonsa. Ku ba jarumarku abin da take so da gaske da abin da zai hana ta, kada ku tsaya ga kyanta da dukiyar wanda zai aure ta. Ku karanta hirar taurarinku da ƙarfi: in tsohuwar ƙauye da ɗalibar jami'a suna magana da baki ɗaya, aiki bai ƙare ba. Wa'azi kuma ku bar shi ya fito daga sakamakon abin da mutum ya aikata. Ku koyi ƙa'idojin rubutun Hausa, ku daina haɗe kalmomin da ke rabe.

Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa idan aka iyakance wa marubuciya kalmomi, aka ce alƙalai za su duba, rubutunta yakan yi ƙarfi. Kada ku jira gasa. Ku nemi mutum biyu masu karatu da ba sa jin kunyarku, ku ba su rubutun kafin duniya ta gani, abin da suka ce ya yi yawa kuma ku daure ku yanke shi.