Kyamara a Rugar Woɗaɓe: Tarihin Ɗaukar Hoton Makiyayan Nijar

Woɗaɓe, waɗanda Hausawa suka fi sani da Bororo, reshe ne na Fulani makiyaya da ke yawo da shanunsu a Nijar da Cadi da arewa maso gabashin Najeriya da arewacin Kamaru. Da yawa daga cikin zuriyoyin da ke Nijar a yau, kakanninsu daga ƙasar Hausa da Barno suka haura arewa a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suna neman makiyaya mai faɗi, suna kuma kauce wa jangali da matsin gonaki. Ba su da yawa in aka gwada su da sauran Fulani, amma a duk Afirka ta Yamma da wuya a sami makiyayan da aka ɗauki hotonsu kamar su. Mafi yawan hotunan kuwa na abu guda ne, wato rawar samari ta ƙarshen damina.

A wannan lokaci, wajejen watan Satumba, ciyawa ta wadata, tafkuna sun cika, shanu sun yi ƙiba, sai dangin da rani ya warwatsa su sake haɗuwa. Akwai taron dangi da suke kira worso, inda ake bukukuwan suna da aure, mata kuma su baje ƙorensu na ado. Akwai gerewol, wanda zuriya ɗaya ke karɓar baƙuncin wata, a yi kwana bakwai idan an cika shi. Samari su shafe fuska da jar ƙasa, su baƙanta leɓe, su ja layi a kan karan hanci, su soka gashin jimina a ka, sannan su jeru kafaɗa da kafaɗa suna waƙa suna ɗaga dunduniya, suna zare ido da bayyana haƙora don a ga farinsu. 'Yan mata biyu ko uku daga ɗaya zuriyar ne ke nuna wanda ya fi kyau. A wurin masu abin, taron alkawari ne tsakanin zuriyoyi biyu, wanda bana aka sauka a wurinsa wata shekara shi zai zama baƙo.

Tun kafin kyamara ta iso rugarsu, Turawa sun riga sun kafa wani salon ɗaukar hoto a yankin. Edmond Fortier, Bafaranshe mai shagon hoto a Dakar, ya buga dubban katunan wasiƙa masu hoto a farkon ƙarni na 20, bayan tafiye-tafiyen da suka kai shi har Tumbuktu. A irin waɗannan katuna galibi ba a rubuta sunan mutum, sai dai a ce mace ce ko namiji na ƙabila kaza. Mutum ya koma samfurin ƙabilarsa ke nan. Wannan salon ne waɗanda suka biyo baya suka gada, har da masu kyakkyawar niyya.

A shekarun 1950 ne hankalin waje ya fara karkata ga Woɗaɓe sosai. Marguerite Dupire, masaniyar al'adu daga Faransa, ta zauna da su a Nijar, littafinta Peuls nomades ya fito a 1962. Derrick Stenning ya yi nazarin Woɗaɓen yammacin lardin Barno, ya buga Savannah Nomads a 1959. Littattafan nan biyu sun fi ba da ƙarfi ga kiwo da aure da gado da ƙaura, kuma masana ne suka fi karanta su. Abin da ya isa ga jama'a shi ne aikin Henry Brandt, ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya fitar da fim ɗinsa Les Nomades du soleil a 1954, littafin hotuna mai wannan suna ya biyo baya a 1956.

Shaharar gaske ta zo ne a daidai lokacin da rayuwar makiyayan ke cikin mawuyacin hali. Farin da ya tsananta a 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa a yankin Sahel, na 1984 zuwa 1985 kuma ya ƙarasa garken gidaje da dama. A tsakanin fari biyun nan ne Robert Gardner, Ba'amurke, ya ɗauki fim ɗinsa Deep Hearts kan gerewol. A 1983 Carol Beckwith ta fitar da Nomads of Niger tare da Marion van Offelen, mujallar National Geographic ta watan Oktoba na wannan shekara kuma ta buga hotunanta, suka shiga gidajen miliyoyin masu karatu. Beckwith ta daɗe tare da mutanen, kuma littafin ya nuna rijiya da ƙaura da aikin mata. Amma fuskar ɗan rawa ce jama'a suka riƙe. Werner Herzog na Jamus ya zo da nasa fim ɗin a 1989, ya ɗora kiɗan cocin Turai a kan rawar, ko da yake shi ma ya nuna waɗanda fari ya kora zuwa gefen gari.

Sa'ad da littattafan ke samun kasuwa a Turai da Amurka, da yawa daga cikin samarin da ke irin wannan rawa suna Yamai da Kano da biranen bakin teku suna gadi, matansu suna kitso da tallan maganin gargajiya, wasu kuma sun zama makiyayan haya ga attajiran gari da suka sayi shanu da araha lokacin fari. Kristín Loftsdóttir, masaniya daga Aisilan da ta yi bincike a yankin Cintabaraden da Yamai a ƙarshen shekarun 1990, ta bayyana wannan giɓi a littafinta The Bush is Sweet na 2008. Hotunan da ke yawo a waje sun nuna mutanen da zamani bai taɓa ba, alhali su kuwa suna fama da kasuwa da hukuma da ƙarancin makiyaya kamar kowa.

Abin da kyamara ta tsallake shi ne ainihin gwanintar Woɗaɓe. Jajayen shanunsu masu dogayen ƙahonni, irin da ake kira rahaji, ba haka kawai suka samu ba. Makiyayi ya san asalin kowace saniya ta wajen uwa, kaka da kakanni, yana kuma zaɓar bijimin da zai yi barbara. Binciken Saverio Krätli a Nijar ya nuna cewa ana kiwata shanun ne har da duba halinsu, su iya doguwar tafiya, su san zaɓen ciyawa mafi amfani, su bi muryar mai su. A ƙasar da ruwa kan sauka nan ya tsallake can, yawan tashi shi ne dabarar da ke ciyar da garke ba tare da an cinye wuri ɗaya ƙarƙaf ba. Da rani maza kan wuni a bakin rijiya mai zurfi, takarkari na jan guga. Mata su ne masu gida da nono, su ke musayarsa da gero. Akwai kuma haɓɓanaye, inda mutum ke ba ɗan'uwansa aron karsana ta zauna a wurinsa har ta haihu, galibi sau uku, ya riƙe 'yan maruƙan ya mayar da uwar. Da wannan al'ada ne gidaje da dama suka farfaɗo bayan fari, har ƙungiyoyin agaji suka kwaikwaye ta. Duk waɗannan abubuwa ba su da kwalliyar da za ta sayar da kalanda, shi ya sa suka yi ƙaranci a hotuna, kuma wannan rashi yana da illa. Wanda bai san makiyayi sai a filin rawa ba, ba zai gane dalilin da ya sa burtali da mashaya suke masa batun rai da mutuwa ba.

Rubutun da ake sawa a ƙarƙashin hoto ma ya yi tasa ɓarnar. Woɗaɓe suna da auren koobgal, wanda iyaye ke ƙullawa cikin dangi tun yara suna ƙanana, da auren teegal, wanda manya biyu daga zuriya daban ke ƙullawa da zaɓin kansu. Jaridun waje sun ɗauki na biyun suka mai da shi kanun labari, suna kiran gerewol bikin satar mata, kamar ba shi da ƙa'ida ko dattawan da ke sa ido.

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 da ta kawo ƙarshen tawayen Abzinawa na farko, masu yawon buɗe ido sun yi ta kwarara Agadas, wasu da jirgi kai tsaye daga Faransa. Bikin shan gishiri na dabbobi da ake yi a Ingal, wanda aka sani da Cure Salée, ya zama babbar matattarar masu kyamara. Woɗaɓe ba su zauna kallo ba. Wasu sun shiga ƙera kayan ado don sayar wa baƙi, wasu sun kafa ƙungiyoyin rawa da suka je Turai, kuma a 2004 mawaƙan Woɗaɓe da na Abzinawa suka kafa ƙungiyar Etran Finatawa. A farkon shekarun 2000 ƙungiyoyinsu sun fara shirya babban taron shekara na kansu, inda ake rawa don baƙi, a kuma tattauna batun rijiya da makaranta da filin kiwo. Sun gane cewa hotonsu dukiya ce, suka nemi su riƙe linzaminta. Tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikatan waje a Arlit a 2010, sun durƙusar da wannan kasuwa. Kamfanonin yawon buɗe ido sai suka karkata zuwa Cadi, inda suke kai baƙi gerewol a yankin Durbali.

Daga irin wannan tarihi, na Woɗaɓe da na wasu al'ummu, ƙa'idojin da ake magana a kansu yau suka samo tushe. Hukumar yawon buɗe ido ta duniya ta amince da kundin ɗa'a a 1999, kuma sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta ce, a sashe na 31, al'umma na da ikon kula da gadon al'adunta da kare shi. A aikace, izini shi ne matakin farko, kuma a rugar Fulani yana da sarƙaƙiya. Mutanen da suka taso da kunya da fulako ba sa iya ce wa baƙo a'a ido da ido, don haka shirunsu ko murmushinsu ba yarda ba ce. Mai hoto na ƙwarai yakan bi ta hannun arɗo da dattawa, ya nemi tafinta mai jin Fulatanci, ya faɗi inda hoton zai je da ko za a sayar da shi, ya sake tambayar mutumin da kansa, musamman mata, da iyaye in yaro ne. A filin rawa ba a gittawa tsakanin samari da 'yan matan da ke zaɓe, ba a haska fitilar kyamara a idon masu rawa, ba a kuma sa a maimaita wani sashe don baƙo bai samu ya ɗauka ba. Batun kuɗi ya fi kyau a daidaita shi tun farko da masu taron, domin rabon 'yan kuɗi hoto bayan hoto yana koya wa yara bara.

Akwai kuma nauyin da baƙo ke ɗora wa wurin. Ayarin motoci yana tattake ciyawar da garke zai ci, zangon baƙi yana cin ruwa da itacen da jama'ar ruga ke wahalar samu, leda da aka yar kuwa saniya na iya haɗiye ta ta mutu. Dokar kiwo da Nijar ta kafa a 2010 ta amince cewa ƙaura haƙƙi ce ta makiyaya, amma aiwatar da ita na fuskantar faɗaɗar gonaki da killace filaye da rashin tsaro, kuma hotunan da ke nuna waɗannan matsaloli suna da amfani ga ƙungiyoyin makiyaya fiye da wani sabon hoton rawa. Yanzu dai wayar hannu ta shiga ruga. Samarin Woɗaɓe na ɗaukar bikinsu da shanunsu da kansu, suna tura wa dangi ta WhatsApp, da wayar ce kuma suke tambayar farashin dabbobi a kasuwa da inda ruwa ya sauka.