Wa Ya Cancanci Gurbin da Aka Keɓe? Nazari a Kan Sharuɗɗan Shiga Jami'a a Indiya

Tun daga shekarar 1951, lokacin da Kotun Ƙolin Indiya ta rushe tsarin rabon guraben karatu na Jihar Madras a shari'ar Champakam Dorairajan, majalisar ƙasar kuma ta mayar da martani a cikin shekarar da gyaran farko ga kundin tsarin mulki, wanda ya halatta wa hukuma yin tanadi na musamman domin al'ummomin da aka danne, muhawara a kan wannan al'amari ba ta taɓa yankewa ba. A yau, a manyan makarantun gwamnatin tarayya, ana keɓe kashi 15 cikin ɗari na gurabe ga Dalit, waɗanda al'adar gado ta ɗauke su tamkar najasa har aka haramta taɓa su, da kashi 7.5 ga ƙabilun dazuzzuka da duwatsu, da kashi 27 ga sauran al'ummomin da aka bari a baya, sa'an nan tun 2019 aka ƙara kashi 10 ga matalautan dangogin da ba su shiga waɗancan rukunai ba. Ni dai ba ni da shakka cewa asalin keɓewar adalci ne, domin wanda aka hana kakanninsa taɓa littafi ƙarni bayan ƙarni ba za a ce masa ya yi tsere da wanda ya gaji ɗakin karatu ba. Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta sharuɗɗa: a cikin jama'ar da aka keɓe wa gurbin, wane ne zai zauna a kansa?

Sharaɗin farko nasaba ce, wadda ake tabbatarwa da takardar shaida daga hukuma, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce, tun da ta hanyar haihuwa aka yi zaluncin, kamar yadda Dakta Ambedkar, jagoran kwamitin da ya rubuta kundin, ya ɗanɗana da kansa tun yana ɗan makaranta. Sai dai umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya taƙaita matsayin Dalit ga mabiya addinin Hindu, aka shigar da mabiya Sikh a 1956 da mabiya Buddha a 1990, aka bar Musulmi da Kirista a waje, alhali kuwa ɗan mai kwasar shara da ya musulunta bai daina zama a unguwar masu kwasar shara ba, maƙwabtansa kuma ba su manta da asalinsa ba. Kwamitin Ranganath Misra ya ba da shawara a 2007 a raba wannan matsayi da addini, kuma a ganina shawarar daidai ce, domin malaman usulu sun daɗe da karantar da mu cewa hukunci yana bin sababinsa, sababin nan kuwa wulaƙancin gado ne.

Sharaɗi na biyu ya fito daga shari'ar Indra Sawhney ta 1992, inda kotu ta amince da kashi 27 da kwamitin Mandal ya ba da shawara, amma ta wajabta a fitar da waɗanda suka riga suka samu wadata daga cikin al'ummomin da aka bari a baya. A 2008, a shari'ar Ashoka Kumar Thakur, aka ɗora wannan sharaɗi a kan shiga jami'o'i. Manufar kyakkyawa ce, amma ma'aunin da aka kafa yana da rauni. Ana duba muƙamin iyaye a aikin gwamnati, ana kuma duba kuɗin shigar gida, wanda haddinsa ya tashi daga rupi 100,000 a shekara a 1993 zuwa rupi 800,000 a 2017, ba a kuma lissafa abin da gona ta bayar a cikinsa, ta yadda ɗan mai manyan gonaki yana iya wucewa a matsayin mabuƙaci, shi da ɗan ƙodago su nemi gurbi guda. Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne, domin kwamitin Mai Shari'a Rohini, wanda aka kafa a 2017, ya gano cewa kusan rubu'in dangogin wannan rukuni ne suka kwashe kusan kashi 97 cikin ɗari na gurabe da ayyukan tarayya da aka keɓe wa rukunin, yayin da kusan dangogi dubu ba su sami ko guda ba. Wannan ya yi kama da zakka da aka fitar bisa ƙa'ida, amma ta tsaya a hannun waɗanda suka fi kusa da ƙofar mai rabo, ba ta kai ga miskinin da kunya da nisa suka hana shi zuwa ba. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2024 cewa jihohi suna da ikon rarraba kason Dalit gida-gida, wannan ciwo ne take neman magancewa.

Sai batun maki, wanda masu adawa suka fi riƙewa, suna cewa sassauta makin shiga yana zubar da darajar ilimi. Amsata ita ce makin jarrabawa yana auna hazaƙa tare da kuɗin da iyaye suka kashe a makarantun horo irin na garin Kota, kuma ba shi da ikon bambanta su. Duk da haka ban yarda a shafe haddi gaba ɗaya ba, musamman a fannin likitanci da injiniyanci, domin shigar da yaro ajin da ba zai iya bi ba zalunci ne na biyu. Cibiyoyin fasaha na IIT sun ɗauki hanya madaidaiciya da suka tanadi shekara guda ta share fage ga ɗaliban Dalit da na ƙabilu waɗanda suka gaza kaiwa makin da aka sassauta.

Ma'aunin da na fi gamsuwa da shi shi ne wanda Jihar Tamil Nadu ta kafa a 2020, inda ta ware kashi 7.5 na guraben karatun likita ga waɗanda suka yi karatu a makarantun gwamnati tun daga aji shida har zuwa aji goma sha biyu. Takardar shaidar kuɗin shigar gida ana iya sayenta, amma shekaru bakwai a makarantar ƙauye shaida ce da mai wadata ba zai yarda ɗansa ya biya kuɗinta ba. Idan aka haɗa wannan da matakin karatun iyaye, aka ɗora su a kan nasaba ba tare da an ture ta ba, gurbin zai fi kusantar mai haƙƙinsa.

Mu ma a Nijeriya abin ya shafe mu, tun da jami'o'in tarayya suna ware kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, bayan kashi 45 na cancanta da 35 na yankin da jami'a take. Sharaɗin kuwa takardar asalin jiha ce kawai, wadda ɗan kwamishina da ya yi karatu a Abuja da ɗan manomi da ya yi sakandaren jeka-ka-dawo duk suke riƙe da irinta, alhali sunan makarantar da kowannensu ya gama yana rubuce a takardar sakamakonsa, kuma babu abin da zai hana jami'a ta duba shi.