Jirgin Maiduguri A Kan Teburi

Wata rana ina tafe da jikana mai shekara tara a kan hanyarmu ta dawowa daga Kasuwar Monde, sai muka tsallaka tsohon layin dogo, yaro ya ja mini riga ya ce, "Kaka, wai waɗannan ƙarafan na mene ne aka binne a titi?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tuna cewa tun da aka haife shi bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, balle ya gan shi. Wannan tambaya ita ce asalin aikin da ya cinye mana kusan shekara uku, mu bakwai, tsofaffi biyar da samari biyu: gina ƙaramin layin dogo na Kuru zuwa Maiduguri a kan teburi, da tashoshinsa da gadojinsa da jirgi mai tafiya.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne irin motar kara da muka yi muna ƙanana, ko da yake daga nan hannunmu ya saba. A ƙasashen Turai manya ne ke yin wannan abu, har da ƙungiyoyinsu. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda aka rage komai sau 87, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Mu dai ba mu da kuɗin sayo kayan waje, idanunmu kuma ba sa ganin ƙananan abubuwa, don haka muka zaɓi babban ma'auni. Faɗin layin dogon Najeriya na da ƙafa 3 ne da inci 6, wato milimita 1,067. In ka rage shi sau 24 zai dawo kusan milimita 45. Tarago mai tsawon mita 12 ya zama rabin mita ke nan. Alminiyon na taga muka yanka ya zama dogo, gwangwanin madara da na man gyaɗa suka zama taragai, injin waifar wata tsohuwar mota kuma shi ke jan kan jirgin da batir.

To amma fa tun ba a buga ƙusa ko ɗaya ba gardama ta tashi. Ɗaya daga cikinmu ya ce tunda mu Hausawa ne, a fara daga Kano. Sai dattijon da muke kira Baba, wanda ya yi shekaru yana tuƙin jirgi kafin ya yi ritaya, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wane layi ne ya taso daga Kano ya miƙe zuwa nan?" Gaskiyarsa. Mai son zuwa Maiduguri daga Kano a jirgi sai ya gangara Zariya, ya wuce Kaduna, ya yi Kafanchan, ya hau tudun Jos zuwa Kuru, sannan ya juyo ta Bauchi da Gombe da Bajoga da Buni Yadi. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, alhali ta mota, ta Potiskum da Damaturu, kusan 600 ce. Shi ya sa da yawa daga iyayenmu ba su taɓa zuwa gida a jirgi ba. Kayansu ne ke shiga jirgi, su kuwa su hau mota.

Wannan gardama ita ta sa na koma bin tarihin abin, na kuma gane wani kuskure da na daɗe ina yi. Na tashi ina jin ana cewa jirgi ne ya kawo mu Barno, har ma abokan wasanmu Barebari, masu kiran mu Afuno, sukan tsokane mu da haka. Lissafin shekaru bai yarda ba. Jirgi ya isa Kano a 1911. Ya isa Jos daga Kafanchan a 1927, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. A Nguru ya tsaya, kuma a lokacin Nguru tana cikin Lardin Barno ne, tun kafin a yanki Yobe a 1991. Daga nan sai aka yi shiru na kusan shekara talatin. Gyaɗar Barno da fata da ƙirgi da ƙaro sai dai a ɗora wa raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, a kai su bakin dogo.

Sai a 1958 Bankin Duniya ya ba Najeriya rancen dala miliyan 28, bashinsa na farko ga ƙasar nan, wanda da shi aka tallafa wa aikin jawo layi daga Kuru. Tsawonsa kusan kilomita 640. Ya isa Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, wato shekara 53 bayan Kano. Yerwa kuwa tun 1907 aka kafa ta, zamanin Shehu Garbai, kuma unguwar Hausari ta riga jirgi nesa ba kusa ba. Fatake masu kawo goro su koma da kanwa, almajirai masu zuwa gabas neman Alƙur'ani, maniyyata masu bi ta nan a ƙafa su nufi Chadi da Sudan, wasu guzuri ya ƙare musu suka zauna har abada, duk sun riga shi. Mahaifina ma, Allah Ya jiƙansa, a bayan mota ya zo daga ƙasar Katsina yana sayen fata, shekaru kafin a kafa dogo ko ɗaya a nan. Abin da jirgi ya yi mana shi ne ya faɗaɗa mana kasuwa: shanu da bandar kifin Baga suka riƙa gangarawa kudu, siminti da gishiri da kananzir suna hawowa.

Kuma abin bai daɗe ba. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya babban kayan da aka gina layin dominsa, manyan motoci suka kwashe saura. An kawo Indiyawa su riƙe harkar jiragen daga 1979 zuwa 1982, an kawo 'yan Sin a 1995, abin dai sai ja da baya yake, har rikici ya zo ya rufe hanyar gaba ɗaya.

Mu koma kan teburi. Ko da an rage shi sau 24, layin zai ci kusan kilomita 27, mu kuwa garejin wani abokinmu ne a Gwange, mita tara. Dole muka yi ta yanka. Bauchi ta samu taku biyu, gadar kogin Gongola ta samu taku uku saboda Baba ya ce ba zai sa hannu ba in babu ita, sauran wurin duk muka bar wa tashar Maiduguri. Da farko katako muka shimfiɗa ƙarƙashin dogo, damina ɗaya gara ta cinye. Baba ya ce ai dama saboda gara ne aka yi amfani da na ƙarfe a wurare da dama na layin gaskiya, ya faɗa mana tun farko ba mu ji ba. Sannan ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta shiga garejin ta tafi da rabin aikin. A lokacin babu wanda ya ma tuna da shi, ana ta rai. Sai da ƙura ta lafa muka sake ɗaura shi, wannan karon a kan ƙafafun ƙarfe masu tsawo.

Gardamar da ta fi zafi ba ta kayan aiki ba ce. Wace shekara za mu nuna? Kowa a garin nan ya san abin da ya faru daura da unguwar ma'aikatan Reluwe a watan Yulin 2009, akwai kuma a cikinmu wanda ya rasa ɗa a shekarun da suka biyo baya. Mu tsofaffi muka ce a tsaya a 1972, lokacin da buhunan gyaɗa ke jibge a tasha. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Baba, wannan ai ba Maidugurin da na sani ba ce. Ni ciyawa na sani a kan dogo." Ni ina ganin yana da gaskiya fiye da yadda muka yarda a ranar. A ƙarshe mun bar masa kusurwa guda ya yi yadda ya sani, ya sa tarago mai tsatsa da awaki a ƙarƙashinsa, kuma nan yara suka fi tsayawa.

A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin sake gina layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri. Jikana ya tambaye ni yaushe zai iso, na ce masa ya riƙe min tocila tukuna, akwai wayar da ta kwance a ƙarƙashin Gombe. Abin da ya rage mana yanzu shi ne fentin ginin tasha. Baba ya dage ruwan ƙwai ne, ni kuwa fari nake tunawa. Duk wanda ke da tsohon hoto a akwatin mahaifinsa, don Allah ya ara mana mu duba, za mu mayar masa da shi lafiya.